Yadda Mai Kiwo Zai Nemi Gidan Haya Mai Sauƙin Kuɗi a Katsina

Wanda ya fita neman gidan haya a birnin Katsina yakan tafi da amsar tambayoyi uku a bakinsa, domin ya san mai gida ba zai rasa yi masa su ba: wace sana'a yake yi, da iyali yake ko gwauro ne, kuma yaransa nawa. Akwai tambaya ta huɗu da ba kasafai ake yi ba, wato ko akwai dabbar da zai shigo da ita, alhali a kanta ne zaman haya da yawa ke yin tsami tun ba a cinye wata uku ba. Dalilin shirun a fili yake. A gidan gado akuyar uwargida da kajin amarya da tattabarun samari da kyanwar tsohuwa duk 'yan gida ne, ba wanda ya taɓa neman izini kafin ya kafa turke, sai mu ɗauka ko'ina ma haka abin yake. Gidan haya kuwa yana da mai shi, yana da waɗanda ka tarar a ciki, kuma kowannensu da iyakar abin da hancinsa da kunnensa za su iya ɗauka.

Na zauna gidajen haya huɗu a garin nan, ina riƙe da tattabaru da kyanwa, maiɗakina kuma ba ta rabuwa da awaki biyu ko uku. Matakan da ke biye su ne waɗanda na ga suna rage wahala, tun daga lissafin aljihu har zuwa ranar miƙa makulli.

Mataki na farko: ƙirga dabbobinka, sannan ka ƙirga kuɗinka

Masu gidaje ba sa kallon dabbobi da ido ɗaya. Kyanwa ta fi kowace samun karɓuwa, saboda tana maganin ɓera, ba ta da hayaniya in ba lokacin barbara ba, kuma kowa ya san addini bai ƙyamace ta ba. Zomo da tsuntsun keji suna biye mata, muddin ana share ƙarƙashinsu. Daga kan kaji ake fara ja da baya, domin kaza ba ta san iyakar ƙofar ɗakin kowa ba, zakara kuma ba ya tambayar ko wani ya kwana aikin dare. Tattabaru suna da kyan gani, amma kashinsu yana cin kwanon rufi, yana ɓata shanya, kuma da ruwan farko yake gangarowa ta indararo cikin robar da maƙwabciya ta tara. Awaki da tumaki fitsarinsu yana cin siminti yana tayar da wari da damina, rago kuma idan ya ƙoshi ƙofa da bango yake gwada ƙahonsa a kai. Kare shi ne mafi wuya, kuma zan koma kansa a gaba.

Abin da mai kiwo ke mantawa shi ne dabba ba ta tsayawa a adadin da aka shigo da ita. Cikin kyanwa bai wuce kwana 63 zuwa 65 ba, na zomo kimanin kwana 31, kaza tana ƙyanƙyasa a kwana 21, tattabara takan yi ƙwai biyu ta ƙyanƙyashe su cikin kwana 18 ko kusa da haka, akuya kuma wata biyar take yi, jar akuyar da muka saba da ita ma sau da yawa tagwaye take zubawa. Wanda ya ce wa mai gida awaki biyu gare shi, kafin kuɗin hayarsa ya ƙare yana iya wayar gari da shida. Saboda haka tun kana gidanka na yanzu ka yanke wa kanka adadin da ba za ka wuce ba, ka kuma shirya inda rarar za ta tafi, ko kasuwa ko ƙauye wurin dangi. Wannan adadin shi za ka faɗa wa dillali, shi za ka faɗa wa mai gida, shi kuma zai shiga takarda.

Sai lissafin kuɗi. A Katsina galibi kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ɗakunan cikin gari ne kawai ake samun masu karɓar na wata shida ko wata-wata. A kan kuɗin shekarar sai ka ɗora la'adar dillali, wadda aka fi jin kashi 10 cikin 100 ko da yake ana cinikinta, da kuɗin motar kwasar kaya, da ɗan gyaran da ba a rasawa, kamar sauya kwaɗo, ragar taga da fenti. Waɗannan sau ɗaya ake biyansu. Masu cin aljihu a hankali su ne ruwa da abin hawa. A ɗauki misali da gidaje biyu: ɗaya naira 250,000 a shekara amma babu ruwa, ɗaya kuma naira 350,000 da rijiya mai kyau a tsakar gida. Idan iyali da dabbobinsu suna shan jarka shida a rana, kuma aka ƙaddara kowace jarka naira 100 a hannun ɗan ga-ruwa, kuɗin ruwan shekara ya kama naira 219,000, wanda ke nufin gidan da aka kira mai arha ya fi ɗayan tsada da sama da naira dubu ɗari. Haka batun nisa yake: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu da Napep na zuwa aiki da kai yara makaranta ya zama abin da ake lissafawa tare da haya. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba shi da sararin yin kuskure a nan. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma a harkar haya ba ta shayar da akuya.

Mataki na biyu: zaɓen unguwa

Gidajen haya a Katsina sun kasu kusan gida uku ga mai kiwo. Na farko su ne na cikin tsohon gari, wajajen Ƙofar Soro, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, Rafindadi da makamantansu, inda ɗaki ko ciki da falo ya fi sauƙin kuɗi, kuma ba wanda zai yi mamakin ganin tunkiya a ɗaure. Matsalar can ita ce ƙunci: tsakar gida ta haɗaka ce, makewayi na haɗaka, lungu kuma ba ya ɗaukar motar harawa. Na biyu su ne rukunin gidaje da sababbin shimfiɗu irin su Goruba, Barhim da Dutsen Safe, inda ake samun gida mai katangarsa da ƙofarsa, sai dai kuɗin ya fi yawa, kuma mai gidan da ya kashe dukiya ya shimfiɗa tayil da intalok ba ya son jin kalmar turke. Na uku su ne unguwannin gefen gari da ke ta faɗaɗa, ta wajen Kwaɗo, Dandagoro da hanyar Batagarawa, inda fili ya fi yalwa, kuma sau da yawa ana samun gidan da mai shi ya gina ɗakuna biyu ya bar sauran filin da ƙasarsa. A ganina irin wannan gida shi ne ya fi dacewa da mai awaki, ko da kuwa ba a yi masa silin ba.

Abu biyu ke ɗaga farashi a gefen gari. Duk inda ya kusanci Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ko Jami'ar Al-Qalam, ɗalibai da ma'aikata suna rububin ɗakuna, kuma masu gidaje sun fi son yanka fili su yi ƙananan ɗakuna masu ban ɗaki a ciki. Sannan rashin tsaro a ƙananan hukumomi irin su Jibia da Batsari ya koro iyalai da dama zuwa birni, su ma gidan da ba shi da tsada suke nema. Kada ka bari arha ta ja ka zuwa gidan da shi ne na ƙarshe kafin gonaki, domin dabba tana kiran ɓarawo, musamman rago idan Babbar Salla ta gabato. Ka tambaya ko unguwar tana da 'yan sintiri da nawa kowane gida ke bayarwa a wata.

Mataki na uku: dillali

A nan na taɓa yin kuskuren da ya sa nake rubuta wannan bayani. A gidana na biyu, na gaya wa dillali ina da tattabaru kimanin ashirin, sai ya kama hannuna ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka bar zancen tsuntsayen nan. Alhaji ba ya zuwa gidan sai shekara-shekara, in ka shiga ai ka shiga." Na bi shawararsa. Wata na biyu tattabarun suka gano tankin ruwan da ke saman ban ɗaki suka mayar da shi wurin hutawa, murfinsa kuwa a fashe yake. Matar maƙwabcina ta buɗe famfo da safe ta ga gashin tsuntsu, kafin azahar Alhajin da aka ce ba ya zuwa yana tsaye a zaure. Bai ɗaga murya ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka faɗa mini, da na sa an gyara murfin, ko na ce ka nemi wani gidan. Yanzu kuwa ban san me kuma ka ɓoye mini ba." Na sayar da tsuntsayen a kan farashin da bai kai rabin darajarsu ba, na biya wankin tanki, kuma da shekara ta cika bai karɓi kuɗina ba. Dillalin ya riga ya ci la'adarsa, ko a hanya muka haɗu gaisawa muke yi kamar ba abin da ya faru.

Dillali la'ada yake nema, kuma la'ada ba ta fitowa sai an ƙulla ciniki, don haka duk abin da zai kawo cikas yakan so a rufe shi. Kai kuma dabba ba ta ɓoyuwa: tana kuka, tana wari, tana haihuwa. Faɗa masa irin dabbar da adadinta a zaman farko, ka ce kada ya kai ka gidan da bai tambayi mai shi ba. Wannan zai rage gidajen da za a nuna maka, ya kuma rage kuɗin man da za ka ƙona.

Ka tsayar da la'ada kafin a fita, ka tambaya dillalai nawa ne a kan gidan, saboda akan sami uku ko huɗu sun jeru, kowa yana jiran kasonsa daga hannunka. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka ga mai gida ido da ido ko wakilinsa da unguwa ta sani, kuma mai unguwa ko limamin masallacin layin za su iya tabbatar maka da mai gidan cikin minti biyar. Idan gidan na magada ne, ka ƙara yin hattara, ka nemi sanin wanda aka wakilta ya karɓi kuɗi, domin yakan faru wa ya yarda da awakinka, bayan wata ɗaya ƙane ya zo ya ce shi ba da shi aka yi ba.

Mataki na huɗu: duba gidan, kuma ba sau ɗaya ba

Gani ya kori ji, amma gani ɗaya da hantsi tare da dillali yana ta surutu a kunnenka bai isa ba. Ka je sau uku: da safe don ka ga yadda ake layin ban ɗaki da ɗibar ruwa, da tsakar rana don ka ji zafin ɗaki ka ga inda inuwa take, da bayan isha'i don ka ga ko akwai wuta, ka ji janareton wa ke kwana yana ruri. Idan damina ce, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi, musamman a watan Agusta. Idan rani ne, gidan da kansa zai ba ka labarin damina: taswirar ruwa a jikin silin, farin gishiri da ɓamɓarewar filasta a gindin bango, da layin laka a jikin ƙofar waje wanda ke nuna iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Fara da ruwa. Ruwan famfon birnin Katsina ya daɗe yana dogara da madatsar Ajiwa, kuma ba kowace unguwa yake kaiwa ba, inda yake kaiwa ma ba kullum ba. Buɗe famfon da hannunka. Idan rijiya ce, jefa guga ka ɗanɗana, ka tambaya ko tana ƙafewa a watan Afrilu da Mayu, ka duba ko tana da murfi, domin rijiya a buɗe kabarin 'yan kyanwa ce da 'yan awaki, balle yara. Ka auna da idonka tazarar da ke tsakaninta da masai, da kuma inda kake tunanin kafa turke, saboda garke bai kamata ya zauna a saman gangaren da ke malalowa rijiya ba. Idan burtsatse ce, ka san wanda ke biyan kuɗin wuta ko man da ake tayar da ita.

Sai wuta. Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Katsina da Kano da Jigawa. Ka tambaya ko gidan yana da mita mai kati ko bil ake kawowa, ka nemi a nuna maka takardar ƙarshe, domin bashin wanda ya tashi yakan zauna a kan gidan yana jiran wanda zai shigo. Idan mita ɗaya ce ga ɗakuna da yawa, ka ji yadda ake rabon kuɗin tun yanzu.

Daga nan ka dubi gidan da idon dabbarka. Mai awaki yana bukatar kusurwa mai ƙasa ko yashi wadda za ta shanye fitsari, mai inuwar bishiya ko wurin kafa rumfa, domin zafin bazara a nan yana haura digiri 40, kuma tunkiyar da aka ɗaure a rana kan siminti ba ta yin ƙiba. Kusurwar ta kasance nesa da tagar wani da madafa, kuma ka zuba bokitin ruwa a wurin ka ga inda zai bi. Idan ya bi ta ƙofar ɗakin maƙwabci kafin ya kai kwata, to ka san inda rigimarku ta farko za ta tashi. Mai kaji ya duba ƙarƙashin ƙofar waje da ramukan jikin katanga. Mai tattabaru ya ɗaga kai ya ga tanki, igiyar shanya da faifan sola na maƙwabta, saboda can za su sauka. Mai kyanwa ya duba ragar taga da ɓulin silin, ya kuma yi wata tambaya da mutane ba sa tunawa da ita: shin ana zuba gubar ɓera a gidan? Kyanwar da ta ci abincin da aka barbaɗa wa guba, ko ɓeran da ya ci ta, ba kasafai take tashi ba.

Ka nemi wurin ajiye dusa, harawa da kowar wake. Abincin dabba da aka jibge a buhu a ƙasa gayyatar ɓera ne, kuma ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, cutar da ta fi tashi da rani. Durom mai murfi da ɗan dandamali sun wadatar.

Wanda ya fi kowa sanin gaskiyar gida shi ne wanda ya tashi daga cikinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba a same shi ba, mai shagon layin da ɗan ga-ruwan unguwar sun san gidan da ake yawan sauya 'yan haya da dalilin haka.

Mataki na biyar: gaisa da waɗanda za ka tarar

Mai gida yana zuwa ya tafi, maƙwabci ne ke kwana da kukan akuyarka. A gidan haɗaka, jin daɗin zama ya fi rataya a wuyan matan gida, tun da su ke wuni a tsakar gida, su ke shanya hatsi da wanki, su ke ganin abin da kaza ta yi a bakin murhu. Kafin a biya kuɗi, ya kamata maiɗakinka ko wata 'yar'uwarka ta shiga ta gaisa da su, ta faɗi abin da za ku zo da shi, ta ji ko akwai mai asma ko mai tsoron kyanwa, ta kuma ga ko wani ya riga ya yi kiwo a gidan. Inda ake kiwo tun da, zama ya fi sauƙi, sai dai a kula da haɗa sababbin dabbobi da tsofaffi saboda cuta.

Batun kare kuwa, shawarata ita ce kada a kai shi gidan haɗaka sam. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa ana riƙe kare ne don farauta ko gadin dabbobi da gona, kuma mafi yawan maƙwabta Musulmi ba za su saki jiki da kare yana shinshina butar alwala da tabarmar salla ba. Wanda bukatar tsaro ta sa dole ya ajiye shi, ya nemi gida mai katangarsa shi kaɗai, ya gina masa ɗaki nesa da ƙofar shiga, ya ɗaure shi da rana saboda almajirai da yaran da ake aikowa.

Mataki na shida: zama da mai gida da rubuta yarjejeniya

Ka je da mutum ɗaya mai mutunci wanda zai tsaya maka. Bayan gaisuwa, ka kawo zancen da kanka kafin a tambaye ka, ka zo da maganin damuwarsa a hannu: "Alhaji, akwai awaki biyu na iyali da kyanwa ɗaya. Na ga kusurwar bayan ɗaki mai ƙasa, nan nake son in kafa musu rumfa da kuɗina, ba za su wuce huɗu ba, kuma duk abin da suka ɓata gyaransa a kaina." Mai gidan da ya ji haka ya san da mai tsari yake magana. Idan matar aure ce ko dattijuwa ke da gidan, haka za ka yi wa Hajiya bayani ta hannun wakilinta ko a gaban ɗanta. Wasu za su nemi ka ajiye wani abu saboda ɓarna, kuma ba laifi ba ne muddin an rubuta adadinsa da sharaɗin mayar da shi. A nan ne kuma ake neman ragi: wanda zai gyara ƙofa ko ya yi fenti da kuɗinsa yana da bakin cewa a cire daga kuɗin haya, amma a amince kafin a taɓa aikin.

Mutanenmu suna jin nauyin neman takarda, kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta mu'amalar bashi da kafa shaidu. Takardar ba sai ta yi tsawo ba, kuma ana iya yin ta da Hausa. Ta ƙunshi sunayenku, kwatancin gida da ɗakunan da ka kama, kuɗi da ranar farawa da ranar ƙarewa, wanda ke da alhakin yashe masai da gyaran rufi da famfo, yadda ake biyan wuta, da wa'adin sanarwa kafin ƙarin kuɗi ko tashi. Sannan a ware layi na dabbobi: irinsu, iyakar adadinsu, inda za su zauna, da cewa rumfa ko akurkin da ka gina naka ne, za ka cire idan za ka tashi. Ka roƙi a ƙara cewa idan an yi ƙorafi za a ba ka wa'adi, misali mako biyu, ka gyara kafin a ɗauki wani mataki. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, ka karɓi rasit, kuma biya ta banki ya fi saboda yana barin shaida. Ranar da aka ba ka makulli ka ɗauki hoton kowane bango, ƙofa da daɓe da wayarka, domin tsagar da ka tarar kada a jingina ta ga ragonka.

Yana da kyau ka san matsayinka a doka. Dokokin karɓo gida daga ɗan haya a yawancin jihohin ƙasar nan sun tanadi cewa, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai zaman shekara-shekara na wata shida, sannan a ƙara sanarwar kwana 7 kafin a je kotu. Idan kuwa takarda ta ƙayyade haya daga rana kaza zuwa rana kaza, to da cikar ranar wa'adi ya ƙare, notis na wata shida ba ya zama dole. Ko ta yaya, mai gida ba shi da ikon cire rufi, ko garƙame ƙofa, ko watso kaya waje da hannunsa. Amma wanda ya saɓa sharaɗin da ya sa wa hannu, kamar ya tara awaki goma inda aka rubuta huɗu, ya raunana hujjarsa a gaban mai unguwa da alƙali duka.

Mataki na bakwai: tarewa da makonnin farko

Kafin tarewa ka kai dabbobin asibitin dabbobi. Kare da kyanwa ana yi musu allurar riga-kafin ciwon haukan kare tun suna wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma katin allurar shi ne abin da zai kwantar da hankalin kowa ranar da aka yi cizo ko yakushi. Idan hakan ta faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi asibiti nan take, kada a tsaya shafa toka. Awaki da tumaki suna da allurar annobar da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zawo da majina, kaji kuma a yi musu riga-kafi kafin hunturu, lokacin da annoba ke share akurki cikin kwana kaɗan.

Ka gina rumfa da turke kafin dabbobin su iso, kuma su zo a ƙarshe bayan an gama shigar da kaya an rufe ƙofa. Kyanwa a ɗauko ta a kwali mai huji ko kwando mai murfi, a tsare ta a ɗaki ɗaya da abinci da ruwa da kaskon yashi na kimanin mako biyu, in ba haka ba za ta kama hanyar tsohon gida. Mace mai ciki kada ta riƙa kwashe kashin kyanwa, akwai cutar da ke iya shafar ɗan tayi ta nan. Tattabaru su ma a rufe su makonni, har su yi ƙwai a sabon wuri in da hali, kuma a fara sakinsu da yamma kafin a ba su hatsi, don yunwa ta dawo da su.

Shara ita ce hayar da kake biyan maƙwabta kullum. A share garke safe da yamma, a riƙa sauya yashi, a barbaɗa toka inda ya jiƙe, a tara taki a buhu maimakon tsibi a tsakar gida. Takin ma kuɗi ne, masu lambu da manoma suna nemansa gab da damina, kuma buhu ɗaya da aka aika wa mai gida don gonarsa yana gyara zama fiye da dogon bayani.

Ƙorafi zai zo ko ba daɗe. Ranar da akuya ta tsinke igiya ta ci geron da aka shanya, ka auna abin da ta ci ka biya a ranar, kada ka tsaya cewa ai dabba ce. Idan abin ya fi ƙarfin ku biyu, a kira mai gida, in ya gagara a je wurin mai unguwa, wanda galibi a zaurensa irin wannan magana ke mutuwa.

Saura wata uku shekara ta cika, ka zauna ka duba ko ruwan ya isa kamar yadda aka ce, ko rufin ya riƙe damina, ko dabbobin sun yi ƙiba ko sun rame, da kuma ko iyalinka suna fita tsakar gida da sakin fuska. Idan za ka ci gaba, ka nemi mai gida tun lokacin ku tsayar da kuɗin baɗi. Idan tashi za ka yi, ka ba da sanarwa a rubuce, ka tuge turke ka cike raminsa, ka kankare ƙasar garken ka zuba sabon yashi, ka wanke kwanon da tattabaru suka ɓata, sannan ka kira mai gida ku zagaya tare da hotunan ranar farko a hannunka kafin ka miƙa makulli ka karɓi kuɗin ajiyarka.